Adadi Mai Ƙofa 240

Ya kai mai karatu, ga shi ka san baƙaƙe, ka iya haɗa su, har kana karanta wasiƙarka da kanka. Ka kuma san lambobin nan goma, tun daga sifiri har tara. Amma na san akwai abin da ke faɗar maka da gaba har yanzu. Kadan an miƙo maka takarda ka ga lamba shida a jere, sai ka ce idonka ba ya gani sosai, ka miƙa wa yaro ya karanta maka. A zamanin nan kuwa wanda ya sayar da sa guda, ko 'yan buhunan masara, kuɗinsa ya kan kai lamba shida. Wanda bai iya karanta su ba, dukiyarsa tana hannun mai karanta masa.

Saboda haka na zaɓo maka adadi guda babba, mu zauna da shi, mu yi masa tambayoyi ɗaya ɗaya, kamar yadda ake yi wa baƙo a zaure, har mu san sunansa da asalinsa da halinsa. Kadan ka san wannan, sauran ba za su gagare ka ba, gama tambayoyin duk iri ɗaya ne. Ga shi:

720,720

1. SUNANSA

Dubi waƙafin nan da ke tsakiya. Aikinsa ya raba lambobi uku uku, ana farawa daga hannun dama. Ukun da ke dama su ne gidan ɗaiɗai, da gidan gomomi, da gidan ɗaruruwa. Ukun da ke hagun waƙafi dubbai ne. Sunansa ke nan: dubu ɗari bakwai da dubu ashirin, da ɗari bakwai da ashirin.

Ka lura na faɗi “dubu” sau biyu. Ba don son magana na yi haka ba. Sa'ad da na fara aikin akawu, wata rana babbanmu yana karanto mini kuɗi ina rubutawa, ya ce, “Dubu ɗari bakwai da ashirin.” Shi 720,000 ya ke nufi, ni kuwa na rubuta 700,020. Ranar da aka zo rufe littafi aka ga 19,980 sun ɓace. Kwana uku muna bin shafi shafi, ana dubana da wani irin ido, kafin a gane ba sata aka yi ba, kunne ne ya yi kuskure. Tun daga ran nan, kowa ya faɗa mini kuɗi da baki, sai in rubuta in nuna masa. Kai ma ka riƙe wannan.

2. YAWANSA

Da za ka ƙidaya shi da baki, kowane sakan ka faɗi ɗaya, ba ci, ba sha, ba barci, sai ka yi kwana 8 da sa'a 8 da minti 12 kafin ka kai ƙarshe.

Kakanninmu ba su jahilci irin wannan yawa ba. A zamanin wuri a kan zuba wuri 20,000 cikin keso guda. Wuri 720,720 kuwa keso 36 ne da wuri 720 a bisa. Su “zambar” su kan ce maimakon dubu kadan dubban sun yi yawa. Kafin shekarar 1973, da aka fito da naira a Nijeriya, kwabo 12 su ne sule, sule 20 su ne fam, watau fam guda kwabo 240. Kwabo 720,720 na wancan zamani fam 3,003 ne cif, ba ko kwabon saura.

3. TAMBAYOYIN FARKO

Abin da za ka fara tambayar kowane adadi shi ne, “Wa ke raba ka daidai, ba saura?” Kowane adadin da ya raba shi daidai, bari mu kira shi ƙofa, gama ta nan ake shiga cikinsa. Akwai alamu da ke nuna ƙofofin nan tun ba ka yi dogon lissafi ba.

Biyu. Dubi lambar ƙarshe kaɗai. Kadan 0, ko 2, ko 4, ko 6, ko 8 ce, adadin cika ne, ya rabu biyu. Kadan ba su ba ne, mara ne. Malamai su kan ce shafa'i da wutiri. Namu ya ƙare da sifiri, saboda haka cika ne.

Biyar da goma. Wanda ya ƙare da 0 ko 5 ya rabu biyar. Wanda ya ƙare da 0 ya rabu goma. Namu ya shiga duka biyu.

Huɗu da takwas. Don huɗu, dubi lamba biyu na ƙarshe. Namu 20 ne, 20 kuwa huɗu sau biyar ne. Don takwas, dubi lamba uku na ƙarshe. Namu 720 ne, watau takwas sau 90.

Uku da tara. Tara lambobin duka wuri ɗaya: 7 da 2 da 0 da 7 da 2 da 0 sun zama 18. Tun da 18 ya rabu uku, ya kuma rabu tara, to uban adadin ma haka.

Goma sha ɗaya. Ɗauki lamba ɗaya, ka tsallake ɗaya, har ƙarshe: 7 da 0 da 2, sun zama 9. Sa'an nan tara waɗanda ka tsallake: 2 da 7 da 0, su ma 9. Kadan biyun sun zo daidai, ko kuwa abin da ke tsakaninsu ya rabu 11, to adadin ya rabu 11.

Wanda ya rabu biyu ya kuma rabu uku, lalle ya rabu shida. Wanda ya rabu uku da huɗu ya rabu 12. Wanda ya rabu uku da biyar ya rabu 15. Yanzu ɗauki alƙalami ka gwada waɗannan da kanka, gama gani ya kori ji:

Mutum 2, kowa 360,360
Mutum 3, kowa 240,240
Mutum 4, kowa 180,180
Mutum 5, kowa 144,144
Mutum 6, kowa 120,120
Mutum 7, kowa 102,960
Mutum 8, kowa 90,090
Mutum 9, kowa 80,080
Mutum 10, kowa 72,072
Mutum 11, kowa 65,520
Mutum 12, kowa 60,060
Mutum 13, kowa 55,440
Mutum 14, kowa 51,480
Mutum 15, kowa 48,048
Mutum 16, kowa 45,045

Tun daga biyu har 16 babu inda aka bar saura. Sai a 17 ya cije: kowa ya sami 42,395, biyar su yi saura.

4. ASIRIN DUBU DA ƊAYA

Ban ba ka alamar bakwai da ta 13 ba tukuna. Ga ta. Ka ga 720 ne aka rubuta sau biyu. Rubuta lamba uku sau biyu daidai ya ke da ninka su sau 1,001, gama sau dubu ya ba ka 720,000, sau ɗaya kuma ya ƙara 720. Shi kuwa 1,001, bakwai ne sau 11 sau 13. Saboda haka kowane adadi mai wannan kama yana da ƙofofin nan uku.

Kana iya ba abokanka mamaki da wannan a dandali. Ka ce wani ya zaɓi lamba uku a ɓoye, ya rubuta su sau biyu. A ce ya zaɓi 365, ya rubuta 365,365. Ka ce ya raba bakwai, zai sami 52,195. Ya raba wannan 11, zai sami 4,745. Ya raba wannan 13, sai ga 365 ɗinsa ya komo masa. Za su ce duba ka ke yi, alhali kuwa lissafi ne kurum.

Daga nan aka sami alamar. Kadan adadi lamba shida ne, ɗebe ƙaramin ɓangare daga babban, watau ukun dama da ukun hagu. In abin da ya rage sifiri ne, ko ya rabu 7, ko 11, ko 13, to uban adadin ma ya rabu haka.

5. TUBALAN DA AKA GINA SHI

Akwai waɗansu adadai da ba su da ƙofa sai biyu, watau ɗaya da su kansu. Su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, da sauransu. Bari mu kira su gagara-rabo. Wani masani Bayunane, sunansa Iklidis, wanda ya zauna a Iskandariya ta ƙasar Masar kamar shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo hujja cewa ba su da iyaka. Kome nisan da ka yi cikin ƙidaya, akwai wani a gaba. Mafi girmansu a ƙasa da miliyan shi ne 999,983. Duk girman nan nasa, ba mai raba shi sai ɗaya da shi kansa.

Sauran adadai kuwa ginannu ne, gagara-rabo su ne tubalansu. Kowane ginannen adadi tubalansa iri ɗaya ne, ko ta ina ka fara rushe shi. Bari mu rushe namu. Raba shi biyu, ka sake, ka sake, ka sake: 360,360, sai 180,180, sai 90,090, sai 45,045. Nan ya zama mara, biyu ta ƙare. Raba uku: 15,015, sai 5,005. Uku ta ƙare. Raba biyar: 1,001. Wannan kuwa ka riga ka san shi. Ga tubalan duka:

2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13

Tubali goma ke nan. Yanzu ka duba dalilin kowane. Sai da biyu har huɗu ake rabuwa 16. Sai da uku har biyu ake rabuwa tara. Su 5 da 7 da 11 da 13 kowa sai da kansa. Babu tubali ko ɗaya na banza. Cire biyu guda, ka sami 360,360, wanda in an raba shi 16 ya bar takwas. Don haka ne 720,720 ya zama mafi ƙanƙantar adadin da ke rabuwa daidai tun daga ɗaya har 16.

Yana da ƙane, 2,520, wanda shi ne mafi ƙanƙantar mai rabuwa daga ɗaya har goma. Masu hisabi na Larabawa sun san shi ƙwarai, don shi ke fitar da rabi, da sulusi, da rubu'i, da humusi, da sudusi, da subu'i, da sumuni, da tusu'i, da ushuri. Hanyar tuna shi mai sauƙi ce: kwanakin mako 7, sau kwanakin wata 30, sau watannin shekara 12. Namu kuwa 2,520 ne sau 286.

6. ƘIDAYAR ƘOFOFI

Ƙofa nawa 720,720 ke da su duka? Ba sai ka gwada adadai ɗaya ɗaya ba. Kowace ƙofa daga cikin tubalan nan goma ake haɗa ta. Mu fara da ƙaramin misali. Tubalan 12 su ne 2 × 2 × 3. Wajen biyu, kana iya ƙin ɗauka, ko ka ɗauki guda, ko ka ɗauki duka biyun: hanya uku. Wajen uku, ko ka ɗauka ko ka bari: hanya biyu. Uku sau biyu shida. Ƙidaya ka gani: 1, 2, 3, 4, 6, 12. Shida ne.

Haka za ka yi wa babban. Biyu guda huɗu ne, hanya biyar. Uku guda biyu ne, hanya uku. Su 5 da 7 da 11 da 13 kowa hanya biyu. To, 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, ya zama 240.

Gwada shi da miliyan, wanda ya fi shi girma, ya kuma fi shi suna. Tubalan 1,000,000 biyu ne guda shida da biyar guda shida. Hanya bakwai sau hanya bakwai, ƙofa 49 kurum. Ko mutum uku ba su raba miliyan daidai. Ashe girman adadi dabam, yawan ƙofofinsa dabam.

Wannan ne ya sa fam ɗin da ya fi naira daɗin rabo. Kwabo 240 ƙofa 20 gare su, kwabo 100 kuwa tara. Mutum uku su kan raba fam kowa sule shida da kwabo takwas. Naira guda kuwa, kowa 33, kwabo guda ya yi saura. Abin da naira ta fi shi shi ne sauƙin rubutu da tarawa, tun da goma goma ta ke tafiya.

7. KAMILI, DA MAI NAƘASA, DA MAI ƘARI

Mutanen da sun kasa adadai kashi uku ta wata hanya kuma. Su kan tara ƙofofin adadi duka, ban da shi kansa, su gwada jimlar da shi.

Kadan jimlar ta zo daidai da shi, kamili ne. Ƙofofin 6 su ne 1 da 2 da 3, jimlarsu 6. Kamilai ba su da yawa: 6, sai 28, sai 496, sai 8,128, na biyar kuwa sai ka kai 33,550,336.

Kadan jimlar ta kasa, mai naƙasa ne. Ƙofofin 10 su ne 1 da 2 da 5, jimlarsu 8.

Kadan jimlar ta wuce, mai ƙari ne. Na farkonsu 12, gama 1 da 2 da 3 da 4 da 6 sun zama 16.

Wani Bayunane mai suna Nikomakus, mutumin Jarash, a ƙasar Urdun ta yau, ya rubuta wannan rabo kamar shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa. Sabit ɗan Kurra, wanda ya rasu a Bagadaza cikin 901, ya juya littafin da Larabci. Namu fa? Jimlar ƙofofinsa 239, ban da shi, ita ce 2,529,072. Ta ninka shi sau uku da rabi har da ɗoriya. Mai ƙari ne ƙwarai da gaske.

Akwai tambaya guda kuma. Shin murabba'i ne, watau akwai adadin da in an ninka shi da kansa a same shi, kamar yadda biyar sau biyar ke ba da 25? Babu. 848 sau 848 ya ba da 719,104, ya kasa. 849 sau 849 ya ba da 720,801, ya wuce da 81. Da za ka shuka itace 720,720 layi layi, mafi kusa da murabba'i da za ka samu shi ne layi 840, kowane layi itace 858.

8. AKAWUN MADARAS

A kudancin Indiya aka haifi wani yaro cikin 1887, sunansa Sirinibasa Ramanujan. Iyayensa talakawa ne. Son lissafi ya hana shi kula da sauran darussa, har ya bar makaranta ba takardar digiri. Cikin 1912 ya sami aikin akawu a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madaras, birnin da yanzu ake kira Cennai. Da rana aikin ofis, da dare allo da lissafi. Cikin 1913 ya aika wa wani babban malami a Kambirij ta Ingila, mai suna Hardi, wasiƙa cike da abin da ya gano. Aka kira shi can cikin 1914.

Cikin 1915 ya fitar da dogon bayani bisa adadan da kowannensu ya fi duk na ƙasa da shi yawan ƙofofi. Jerin ya fara da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120. Ka ga 12 na watannin shekara, da 24 na sa'o'in yini da dare, da 60 na mintocin sa'a, duk suna ciki. 720,720 ma yana cikin jerin. Babu adadi a ƙasa da shi mai ƙofa 240, babu kuma wanda ya fi shi ƙofofi sai an wuce miliyan, an kai 1,081,080, mai ƙofa 256. Ramanujan ya rasu cikin 1920 yana da shekara 32, har yau kuwa masana suna aiki da littattafan da ya bari.

9. INA AMFANINSA?

Watakila ka ce, “Malam, duk wannan me zai ƙara mini a tukunya?” To, ji. Yawancin faɗan da ake yi a kan dukiya wajen rabo ya ke tashi. Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, babban kashi na littafin a kan lissafin gado da wasiyya ya yi shi.

A ce mutum ya rasu ya bar naira 720,720 bayan an biya bashi da wasiyya, ya bar mata guda, da uwa, da uba, da ɗa namiji guda. A shari'ar Musulunci mata tana da sumuni, watau 90,090. Uwa sudusi, 120,120. Uba sudusi, 120,120. Jimla 330,330. Abin da ya rage, 390,390, na ɗa ne. Wanda ya san ƙofofin adadi, tun alkali bai gama magana ba ya san ko rabon zai fita daidai ko zai bar saura. Amma kada ka zaci adadin nan ya fi ƙarfin kowace mas'ala. Malaman gado sun san waɗansu da ake kasa dukiya kashi 17 ko kashi 27, a nan kuwa shi ma sai ya bar saura.

Haka ya ke wajen kuɗin adashi, da ladan 'yan ƙodago, da takin da aka saya tare. Kafin ka sa hannu a takarda, karanta adadin da ƙarfi, ka dubi lambar ƙarshe, ka tara lambobin, ka tambayi inda saura ya tafi. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

TAMBAYOYI

1. Faɗi sunan 360,360 yadda mai ji ba zai yi kuskure ba.
2. Ba tare da dogon lissafi ba, 531,441 ya rabu tara? Ya rabu biyu?
3. Rushe 60 har tubalansa, ka faɗi ƙofa nawa gare shi.
4. Nuna cewa 28 kamili ne.
5. Kadan an raba 720,721 tsakanin mutum 13, nawa zai yi saura? Tsakanin mutum 16 fa?
6. Me ya sa babu gagara-rabo ko ɗaya tun daga 720,722 har 720,736?

Kada ka wuce shafin nan sai ka amsa su a rubuce. Wadda ta gagare ka, ka kai ta aji ku yi tare da 'yan'uwanka. Sannu ba ta hana zuwa.